Shekara uku ina shan Omeprazole kafin na san abin da ke cin cikina

Ni tela ne. Shagona yana Fagge, keke huɗu gare mu da injin aiki ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗinki a watan azumi ya san halin da muke shiga a goman ƙarshe. Ana idar da asham za mu hau keke, ba mu sauka sai an yi kiran assalatu. Shadda da yadi jibge har kan teburin yanka, kowa na son nasa kafin daren sallah. Wajen ƙarfe 1 na dare baya yake ƙagewa, kafaɗa ta yi nauyi, sai a aiki ƙaramin yaro kemis ɗin bakin layi ya karɓo haɗi. Ƙwayoyi uku ne ko huɗu a ƙulle cikin 'yar farar leda, babu kwali, babu suna. A kora da shayi, bayan rabin awa jiki ya saki, a ci gaba da taka keke. Na yi shekaru a haka, kuma ba a azumi kaɗai ba.

Ciwon cikin ya daɗe tare da ni. Zafi ne a ƙahon zuci kamar an ajiye garwashi, wani lokaci kamar ana ƙwaƙular wurin. Ya fi zuwa idan cikina babu komai, musamman tsakanin ƙarfe 2 da 3 na dare, kuma in na tashi na ci guntun burodi sai ya lafa. Duk wanda na gaya wa sai ya ce olsa ce, yunwa ce ta jawo ta. Ni ma na yarda, don abin da nake gani ke nan.

Hajiya takan jiƙa mini jar kanwa a kofin silba, ta miƙo ta ce, "Ɗan nan, shanye, ka yi gyatsa." Ina sha kuwa sai gyatsa, zafin ya kwanta na ɗan lokaci. Na sha madara, na sha garin ɗanyar ayaba a nono, kwalbar Gestid ba ta yankewa a aljihun kekena. Akwai lokacin da nake shan Ranitidine, daga baya na daina samunsa, sai mai kemis ya miƙo mini wani kafso ya ce wannan ya fi shi ƙarfi. Omeprazole ne, mai miligiram 20. Gaskiya ya yi mini aiki yadda ba wanda ya taɓa yi. Sai na mayar da shi abokin tafiya. In zafi ya taso na haɗiyi ɗaya, in na ci abinci mai yaji na bi shi da ɗaya, in na kwana biyu lafiya na manta da shi. Ranar da nake son ya yi sauri har buɗe kafson nake, na zuba 'yan fararen ƙwayoyin ciki masu kama da tsabar acca a tafin hannu na tauna. Shekara uku ina haka, haɗin ciwon baya kuma ban fasa ba. Hasali ma ƙaruwa ya yi, tunda yanzu ba ya ƙona mini ciki kamar da.

Kwana biyu bayan ƙaramar sallah na shiga banɗaki da asuba, abin da ya fita baƙi ne ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, da wani irin wari da ban taɓa ji ba. Da na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, na dafa bango. Na so in ɓoye, amma uwargida ta ga yadda na fito ina gumi da sanyin safiya. Ita ta kira ƙanwata, wadda ke karatun haɗa magunguna a Jami'ar Bayero. Tambaya ɗaya ta yi mini a waya, ko ina shan maganin ƙarin jini. Na ce a'a. Ta ce, "Yaya, jini ne. Ka tashi yanzu ku tafi asibiti, ka kwashi duk maganin da kake sha ka tafi da shi."

A asibiti aka yanki kati, aka auna bugun jini, aka ɗebi jini a hannu. Likitar da ta gan ni ba ta yi gaggawa ba. Ta tambaye ni ko na yi aman jini, ko na rame, ko abinci na tsaya mini a maƙogwaro, ko akwai wanda ya yi ciwon dajin ciki a danginmu. Sannan ta ce in juye ledar da na zo da ita. Ta ware Gestid da Omeprazole gefe guda, ta ɗaga 'yar ƙullin haɗin ta ce, "Malam, wannan fa?" Na ce maganin gajiya ne. Kafin la'asar ƙanwata ta je ta tambayo mai kemis abin da yake zubawa a ciki: Diclofenac, Piroxicam da Paracetamol. Likita ta ce biyun farko 'yan gida ɗaya ne da Ibuprofen da Aspirin. Bangon ciki yana da wani yauƙi da ke kare shi daga asid ɗin da shi kansa yake yi, su kuma waɗannan magunguna rage wannan kariya suke. Ni kuwa biyu nake haɗawa a lokaci ɗaya, a cikin da ya wuni da azumi.

Jinina ya yi ƙasa amma bai kai ga ƙari ba. Aka kwantar da ni, aka sa mini ruwa, aka riƙa ba ni maganin rage asid ta jijiya. Da dare aka ce kada in ci komai, da safe za a leƙa cikin da kyamara, abin da suke kira endoskofi.

Wannan awon shi mutane suka fi tsoro, ni ma ban yi barci ba saboda shi, don haka bari in faɗi yadda yake. An fesa mini wani magani mai ɗaci a maƙogwaro, cikin minti ɗaya wurin ya yi kauri kamar ba nawa ba. Na kwanta a gefen hagu, aka sa mini wata roba mai rami a tsakanin haƙora. Bututun baƙi ne, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila a bakinsa. Wuri mai wuya ɗaya ne, lokacin da aka ce in haɗiya. Na yi yunƙurin amai sau biyu, hawaye suka zubo. Wata nas ta dafa kafaɗata tana cewa, "Sannu Baba, ja numfashi ta hanci, bar yawun ya zuba." Da na bi maganarta sai jikina ya natsu. Iska suke hurawa don cikin ya buɗe, saboda haka gyatsa ta yi ta zuwa. Bai kai minti goma ba aka zare. Bayan na huta likitan da ya yi awon ya nuna mini hoto: gyambo ne a farkon ƙaramin hanji, daidai inda abinci ke fita daga tumbi, girmansa bai fi maɓallin riga ba, tsakiyarsa fari, gefensa ja. Na daɗe ina kallonsa. Ya ce jinin ya tsaya, kuma sun ɗan tsinko nama kaɗan daga bangon tumbin don gwaji. Ban ma ji lokacin da aka tsinka ba.

Gwajin ya nuna ina ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori. Ban taɓa jin sunanta ba sai ranar. Likitar ta zauna ta yi mini bayani, kuma wannan zaman shi ne abin da ya fi amfanata a duk jinyar. Ta ce yawancin gyambon ciki abu biyu ke kawo shi, wannan ƙwayar cuta da magungunan ciwon jiki irin waɗanda nake sha, ni kuma na haɗa duka biyun. Yunwa ba ta huda ciki. Abin da ke faruwa shi ne idan ciki babu abinci asid yana taɓa gyambon kai tsaye, shi ya sa ake jin zafin a lokacin. Ƙwayar cutar galibi tun yarinta ake ɗaukarta, ta ruwa ko abinci ko cuɗanya a gida, kuma kusan rabin mutanen duniya suna da ita, sai dai mafi yawansu ba ta yi musu gyambo. Ƙanwata ce daga baya ta ba ni labarin waɗanda suka gano ta, likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, a 1982. Abokan aikinsu ba su yarda wata halitta za ta iya rayuwa cikin asid ɗin tumbi ba, har sai da Marshall ya kurɓi ƙwayoyin cutar da kansa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Da na ji haka abin ya dame ni ƙwarai. An san maganin wannan ciwo tun ina yaro, amma a layinmu har yau mutum sai ya shekara goma yana cewa yana da olsa, kamar wani gado ne da ba a rabuwa da shi.

Na tambaye ta, to shi Omeprazole da na shekara uku ina sha, cutar da ni ya yi? Ta ce a'a, magani ne mai kyau, da shi ma za a warkar da ni. Amma ya rufe mini zafin, na ci gaba da zuba abin da ke cin cikin, ƙwayar cutar kuma tana nan ba ta mutu ba. Kuma ma ba daidai nake shan sa ba. A bangon tumbi akwai wasu ƙananan famfuna da ke fitar da asid, abinci ne ke tada su. Omeprazole da 'yan'uwansa, irin su Esomeprazole, Pantoprazole, Rabeprazole da Lansoprazole, toshe famfon suke yi, amma sai wanda suka tarar yana aiki. Saboda haka ake shan su minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, maganin ya riga ya shiga jini, abinci ya zo ya tada famfunan, ya same su. Ba maganin nan take ba ne, yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar ana sha kullum kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. 'Yan ƙwayoyin da nake taunawa kuwa an lulluɓe su ne musamman don kada asid ya lalata su kafin su isa hanji. Duk wanda na tauna na ɓarar da shi.

Su Gestid da kanwa aikinsu daban ne, asid ɗin da ya riga ya zubo suke kashe wa kaifi, shi ya sa suke saurin aiki kuma suke saurin sakin mutum. Kanwa kuwa likita ta ce in bar ta, gishirinta ya yi yawa, ba ta da awo. Madara tana sanyaya wuri na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Akwai aji na uku, su Famotidine da Cimetidine, masu tare ɗaya daga cikin saƙonnin da ke umartar famfon ya yi aiki. Suna rage asid amma ba su kai Omeprazole ba. Ranitidine da na daina samu a cikinsu yake. A Afrilun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA da aka samu a ciki, wanda ake fargabar yana iya jawo ciwon daji.

Aka sallame ni da takardar magani na kwana 14 don kashe ƙwayar cutar: Omeprazole ɗaya, Amoxicillin biyu masu miligiram 500, Clarithromycin ɗaya mai miligiram 500, safe da yamma. Takwas ke nan a rana, 112 gaba ɗaya. Sai da likita ta tabbatar Amoxicillin bai taɓa yi mini ƙaiƙayi ko kumburi ba kafin ta rubuta. Ƙanwata ta hana a saya a bakin layi, ita ta je babban kantin magani mai rajista ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali. Kuɗin ya taɓa ribar ɗinkin sallah sosai, ba zan ɓoye ba.

Kwana biyun farko lafiya. A na uku bakina ya ɗauki wani ɗaci kamar na tsotsi tsohuwar kusa, ko ruwa na sha sai na ji shi, tuwo da miyar kuka duk ɗanɗanonsu ya gudu. Cikina ya ɗan saki. A kwana na biyar zafin ƙahon zuci ya tafi gaba ɗaya, na yi barci har asuba karon farko cikin watanni, kuma a nan ne zuciya ta fara ce mini ai an warke, a ajiye sauran. Uwargida ta ƙi. Ta ɗauko kalandar da ke bangon ɗaki, kullum in na sha na safe ta ja layi, in na sha na yamma ta gicciye shi. Likita ta riga ta gargaɗe mu cewa wanda ya yanke a tsakiya ƙwayar cutar da ta rage takan saba da maganin, zagaye na biyu ya fi tsada ya fi wahala. Ɗacin nan Clarithromycin ne ke kawo shi, ya bar ni kwana biyu bayan na gama.

Daga nan na ci gaba da Omeprazole shi kaɗai na mako shida, ɗaya a rana. In na dawo daga masallaci da asuba na haɗiya da ruwa, na yi lazimi, rabin awa ta wuce sannan a kawo koko da ƙosai. An haɗa mini da maganin ƙarin jini, aka kuma faɗa mini tun da wuri cewa shi ma yana sa bayan gida baƙi, amma ba mai danƙo da warin nan ba. Da ba a faɗa ba da na koma asibiti a guje.

Abin da ya fi ba ni wuya a duk tafiyar shi ne dainawa. Dole a sake gwaji a tabbatar ƙwayar cutar ta mutu, kuma gwajin ba ya faɗin gaskiya sai an yi aƙalla mako huɗu da gama magungunan kashe ta, da mako biyu babu Omeprazole ko kaɗan, don shi yana danne ta har gwaji ya ce babu alhali tana nan. Gwajin jini da ake yi a wasu ƙananan wuraren awo ba ya aiki a nan, don yana iya nuna alamarta ko bayan ta daɗe da mutuwa. Na bayan gida ake yi, ko na numfashi. Na ajiye maganin. A kwana na huɗu ƙwannafi ya taso mini, ruwa mai tsami har maƙogwaro, irin wanda ban ma saba yi ba a da. Hankalina ya tashi, na ce gyambon ya dawo, duk wahalar ta tashi a banza. Har na ɗauko sauran kafson daga aljihun keke. Na kira ƙanwata, ta ce, "Yaya, don Allah mayar da shi. Tumbin da aka daɗe ana toshe wa famfo, in aka sake shi yakan zubo fiye da kima na ɗan lokaci, sannan ya daidaita." Na tabbata a nan ne mutane da yawa ke komawa, su ɗauka ba za su iya rayuwa babu maganin ba. Likita ta yarda in riƙa kurɓar Gestid in abin ya yi tsanani. Na daina cin tuwon dare dab da kwanciya, na rage goro da shayi mai kauri, na sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai. Kafin mako biyun su cika abin ya ragu sosai.

Ranar gwaji aka ba ni 'yar kwalbar roba mai murfi da ɗan cokali a jiki. Na ji nauyin miƙa ta ga ma'aikaciyar, ita kuwa ta karɓa ta manna lamba kamar kowane aiki. Washegari na karɓi takarda na kai wa likita. Ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, babu ita." Na tambaye ta yaushe zan koma kan Omeprazole. Ta ce ba zan koma ba, sai in wani dalili ya taso. Ta ce shan sa shekara da shekaru ba tare da buƙata ba yana iya rage wa jiki bitamin B12 da magniziyam, yana da alaƙa da raunin ƙashi da wasu cututtukan gudawa, don asid ɗin ma Allah bai halicce shi a banza ba, yana narkar da abinci yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma ta ja kunnena kada in je ina hana mutane. Akwai waɗanda dole su daɗe a kansa, kamar mai ƙwannafin da ya ƙona masa maƙoshi, ko mai ciwon zuciya da ke shan Aspirin kullum. Waɗannan likitansu ne kaɗai zai ce su tsaya. Mai shan Clopidogrel, maganin hana daskarewar jini, shi ma ya faɗa wa likita kafin ya taɓa Omeprazole, don yana iya rage masa ƙarfi.

Ciwon baya bai bar ni ba, sana'ar ce. Paracetamol kaɗai nake sha yanzu, na canza kujera, kuma duk awa ɗaya nakan sauka daga keke in miƙe. Haɗi kuwa na hana shigowa da shi shagona. Azumin da ya biyo baya na yi shi cikakke, talatin ba ɗaya, ban nemi kafso ko sau ɗaya ba, na kuma rage karɓar ɗinki tun daga goman tsakiya duk da wasu sun ji haushi.

Bayan babbar sallah babban yarona na shago ya same ni ina yanka, ya ce, "Oga, ko akwai sauran maganin olsar nan naka? Nawa ya ƙare." Na ajiye almakashi na tambaye shi tun yaushe yake sha. Ya ce ya fi shekara. Na tambaye shi launin bayan gidansa, ko yana amai, ko ya rame, ko yana shan haɗi a waje. Ya sunkuyar da kai a ta ƙarshen. Ranar Litinin da hantsi na bar wa sauran yara shago, muka tari adaidaita sahu. Likita ta duba shi ta ce babu alamar zubar jini, ya ajiye Omeprazole da haɗin duka, ya dawo bayan mako biyu a yi masa gwajin bayan gida. Da muka koma na ɗauki allin ɗinki na rubuta ranar a bangon da ke saitin kekensa.